Daga ina rabin da ke cikin 35.5 ya fito?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da dukkan ma'aikatan gidanku. Ni tsohon malamin kemistiri ne a nan Zariya. Na ajiye alli tuntuni, amma har yau shirinku na rediyo na ɗalibai masu jiran jarrabawar kammala sakandare ba ya wuce ni. Mai hali ba ya fasa halinsa.

A shirin makon jiya, malamin da kuka gayyato ya yi bayanin ƙwayar zarra, wato mafi ƙanƙantar ɓangaren kowane sinadari, ya ce in ana son sanin nauyinta sai a haɗa yawan furoton da yawan niyutoron da ke cikinta. Wannan haka yake. Can dab da rufe shiri sai wata yarinya ta bugo waya, muryarta har rawa take, ta ce, "Malam, in haka ne, me ya sa aka rubuta 35.5 a gidan kulorin a jadawalin sinadarai? Ko akwai rabin niyutoron ne?" Aka ce mata haka yake a littafi, ta haddace, haka zai fito a jarrabawa. Daga nan aka sa talla.

Amsar nan ta tsaya mini a rai. Ba na ɗora wa malamin laifin duka, na san yadda agogo ke korar mutum, ni ma ƙararrawa ta sha katse ni ina tsakiyar magana. Sai dai tambayar yarinyar nan ta fi duk abin da aka faɗa a shirin daraja, don ita ce ta hana manyan masana barci har tsawon shekara ɗari. Ba irin tambayar da ake sallama da "je ki haddace" ba ce.

Tare da jikata muke sauraro, 'yar aji biyu a babbar sakandare. Tana gefen tabarma da faifai a cinya, tana tsince waken da za a yi alale da shi. Sai ta ɗago kai ta ce, "Kaka, ko dai kai ma haddacewar ka yi ta sa mutane duk shekarun nan?" Na ce, "Amarya, rainin ya isa. Miƙo faifan nan, ki shiga kicin ki ɗebo mini gyaɗa."

Da ta dawo na ce mata daga yanzu wake shi ne furoton, gyaɗa kuma niyutoron. Su biyun a cure suke wuri guda a tsakiyar zarra, wurin da nake kira cibiya. Wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektaron suna can waje suna kewaye, kuma ba su da wani nauyin a zo a gani, sai an tara kimanin 1,836 kafin su kai furoton ɗaya, shi ya sa ba a sa su a lissafin. Cibiyar nan ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Da zarra za ta kumbura ta kai girman filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar filin ba, amma kusan duk nauyin yana cikin wannan ƙwayar geron. Ernest Rutherford ne ya gano haka a Mancesta a 1911, bayan mataimakansa sun yi ta harba wasu ƙananan ƙwayoyi a kan fallen zinariya. Yawancinsu suka wuce kamar babu komai a gabansu, jefi-jefi ɗaya cikin dubbai ta yi karo da wani abu mai tauri ta dawo baya. Daga sunan cibiyar nan na Turanci ne kalmar nukiliya da muke ji a labarai ta samo asali.

Yawan furoton shi ne sunan yanka na kowane sinadari. Mai ɗaya haidurojin ne, mai shida kabon, mai 17 kulorin, mai 92 yuraniyom. Ka ƙara wake ɗaya a kan 17, ka bar gidan kulorin ke nan ka faɗa gidan agon. Niyutoron kuwa ba ruwansa da suna. Ba shi da cajin lantarki, nauyi kawai yake ƙarawa.

Na sa ta yi kashi huɗu a kan faifan, kowane kashi wake 17. Ta ƙirga tana gunaguni. Na ce kashi uku ta zuba wa kowanne gyaɗa 18, na huɗun ta zuba masa 20. Na ce to faɗa mini nauyinsu. Ta bi su da yatsa: 35, 35, 35, 37. Na ce haɗa su duka ki raba gida huɗu. Ta zaro biro daga cikin ɗankwali ta rubuta 142 a tafin hannunta, ta raba. Ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta ce, "Kaka, ashe a cikinsu babu ko ɗaya mai 35.5 ɗin."

Babu kuwa. Ko duniya za ka zaga ba za ka sami ƙwayar kulorin mai nauyin 35.5 ba. Iri biyu ne a gauraye, mai 35 da mai 37, kusan uku bisa ɗaya, kuma lambar da ke littafi matsakaicin nauyin taron ne. In za a bi diddigi, mai 35 ya ɗan haura kashi 75 cikin ɗari, mai 37 ya ɗan gaza kashi 25, lissafin ya tashi 35.45, littattafan sakandare suka cike shi zuwa 35.5. Gishirin da ke cikin miyarmu yana ɗauke da su biyun a kan wannan rabo, na kanti ne ko kantun Bilma da raƙuma ke kawowa. Harshe ba ya bambance su, wuta ba ta bambance su, domin halin sinadari a hannun ilektaron yake, su kuwa 17 ne nan da can, daidai da yawan furoton. Irin waɗannan 'yan gida ɗaya, masu suna ɗaya da hali ɗaya amma nauyi dabam, su ake kira aisotof. Frederick Soddy ya fito da kalmar a 1913, daga Girkanci, ma'anarta "wuri ɗaya", saboda gida ɗaya suke zaune a jadawalin sinadarai.

Na ce tambayar ta hana masana barci, ba zuguguwa na yi ba. A 1815 wani likita a Ingila, William Prout, ya ce a ganinsa duk sinadarai daga tubalin haidurojin aka gina su, don haka dole nauyin kowanne ya zama cikakkiyar lamba ba ɓari. Da yawa suka yi daidai da maganarsa, kulorin ya ƙi. Aka auna, aka sake aunawa, aka zargi sikeli, aka zargi datti a cikin kwalba, rabin nan yana nan daram. Sai wajen 1919 zuwa 1920 Francis Aston ya ƙera na'urar da ke ware ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu a Kambirij, ya zuba kulorin, sai ga layi biyu, ɗaya a 35 ɗaya a 37, tsakaninsu wayam. Ko a lokacin ma an ga bambancin ne kawai, ba a san abin da ya kawo shi ba, sai da James Chadwick ya gano niyutoron a 1932. Wato yarinyar da ta bugo muku waya, ita kaɗai da tunaninta, ta taka sawun da manya suka yi ta tuntuɓe a kai.

Akwai kuma abin da ɗalibai ke yawan ruɗewa a kai, ya kamata a warware musu. 35 ɗin me? Ba giram ba ne. Awo ne na kwatance, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi a ƙauye ya zo sayarwa a kasuwar Sabon Gari ya san rigimar da ke tashi in mudu bai zama ɗaya ba. Masana ma sun yi tasu. An daɗe ana awo da oksijin, amma masu kemistiri suna amfani da gaurayayyen oksijin na iska, masu fiziks kuma da aisotof ɗinsa mai 16 zalla, lambobinsu suka riƙa saɓawa kaɗan. A 1961 aka daidaita a kan mudu ɗaya: a ɗauki ƙwayar kabon mai nauyin 12, a raba ta gida goma sha biyu, kashi ɗaya shi ne ma'auni. Saboda haka abu biyu ne, kada a cakuɗa su. Jimillar furoton da niyutoron ta ƙwaya guda kullum cikakkiyar lamba ce. Matsakaicin nauyin sinadari kuwa, wanda ke jadawali, yana iya zuwa da ɓari.

Edita, mu Zazzagawa maganar nan ta shafe mu fiye da kowa a ƙasar nan, don injin nukiliya ɗaya tilo da Najeriya ke da shi a garinmu yake, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun 2004 yake aiki. Wata rana wani ɗan acaba ya ɗauko ni, muna hanya ya rage murya ya ce, "Baba, ka san a garin nan ake haɗa bom?" Na tambaye shi wa ya gaya masa, ya ce kowa ya sani. Da an koya masa aisotof da wake da gyaɗa, da bai ɗauki wannan jita-jitar ba. Injin ƙirar ƙasar Sin ne, na bincike, zafin da yake fitarwa kimanin kilowat 30, wato bai fi na dutsen guga na lantarki talatin ba. Aikinsa shi ne a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci a ciki, niyutoron su shige shi, wasu ƙwayoyinsa su koma aisotof masu fitar da haske wanda ido ba ya gani, daga irin hasken a gane sinadaran da ke ciki da yawansu.

Shi yuraniyom, ko na Arlit ne a Nijar ko na wata nahiya, yadda ake haƙo shi kusan dukkansa mai nauyin 238 ne. Mai 235, wanda shi ne ke saurin tsagewa ya ba da makamashi, kimanin bakwai ne kacal cikin dubu. Tacewar da kuke yawan ambata a labaran duniya ƙoƙarin ƙara yawan mai 235 ɗin ne. Abin da ya sa take da wuya shi ne abin da na gaya wa jikata: halinsu ɗaya, babu wani ruwan magani da za ka zuba ya kama ɗaya ya bar ɗaya. Sai dai a bi ta nauyi, kamar yadda mata ke bakace su raba tsaki da gari, a mai da shi iska a yi ta juya shi a cikin injina da gudun tsiya, alhali bambancin uku ne kacal cikin 238. Tashoshin lantarki suna aiki da wanda aka tace zuwa kashi uku zuwa biyar cikin ɗari, makami kuwa sai wajen kashi 90. Gaskiya ne man da injin Zariya ya fara aiki da shi mai kashi 90 ne, ɗan kaɗan, kimanin kilo ɗaya. A 2018 aka cire shi aka mayar wa Sin, aka sa mai kashi 13. Duk wannan labari, in mutum bai san bambancin 235 da 238 ba, surutu kawai zai ji.

Ba duka aisotof ne ke fitar da hasken nan ba ma. Kulorin 35 da 37 zaune suke lafiya har abada. Masu fitarwar kuma da yawa bayinmu ne. Da kobal mai 60 ake gasa ciwon daji, da aidin mai 131 ake maganin wasu cututtukan maƙoshi. Kabon mai 14 yana cikin tuwon da muka ci jiya, yana cikin jikina da naka. Muddin abu na raye yana ta shigar da shi, in ya mutu sai shigarwa ta tsaya, wanda ke ciki ya riƙa raguwa, rabi a duk shekara 5,730. Da wannan agogon aka auna kwalekwalen da aka tono a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, wanda aka gano a 1987 wajen haƙar rijiya, aka ga ya kai kimanin shekara 8,000. Ɗalibin da ya ji wannan ba sai an roƙe shi ya saurara ba.

Roƙona biyu ne. Na farko, a shiri mai zuwa a ware minti biyar a koma kan tambayar yarinyar nan, a ce mata tambayarta ta yi kyau, a yi mata lissafin kashi huɗun nan a hankali yadda za ta bi da biro. Wataƙila tana can ta ɗauka wauta ta yi, kuma na ga yara da yawa da suka daina ɗaga hannu daga rana irin wannan. Na biyu, a roƙi malaman da ke zuwa su riƙe Hausar har ƙarshe. Na lura gaisuwa da barkwanci da Hausa ake yin su, amma da an iso inda dutsen yake sai a tsallaka Turanci, daidai wurin da yaro ya fi bukatar harshen uwarsa. Sunayen ba matsala ba ne, a ce furoton a ce niyutoron, yadda muka ce mota da rediyo. Zarra ma aro ce daga Larabci, malamanmu na zaure suna fassara ta da ƙaramar tururuwa ko ƙurar da ake gani a hasken rana in ya ratso ta taga, ga shi yau ta zauna daram a ajin kimiyya. Bayanin ne ya kamata ya zo da Hausa.

In kuna bukatar wanda zai zo da faifai, ina nan, kuɗin mota kawai za ku ba ni. Jikata ma ta ce ranar Litinin da wake da gyaɗa za ta tafi makaranta ta nuna wa 'yan ajinsu. Hajiya ta ce a tsadar nan sai dai ta tafi da tsakuwa.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
Tsohon malamin kemistiri,
Tudun Wada, Zariya.