Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu Mazauna Yammacin Japan

Assalamu alaikum, dattawanmu, iyayenmu mata da sauran 'yan uwa.

Kamar yadda ake lissafi a ƙasar nan, shekarar aikinmu tana ƙarewa ne a watan Maris, don haka kwamiti ke gabatar muku da abin da aka gudanar. Taron wata-wata ya tafi yadda aka saba. An yi buɗa-baki tare a watan azumi, an yi sallar idi a masallacin Kobe, wanda aka buɗe a 1935 kuma shi ne mafi daɗewa a Japan. An tarbi sababbin ɗalibai a filin jirgin Kansai, aka raka su ofishin gunduma da banki. Allah ya saka wa waɗanda suka ba da lokacinsu.

Babban aikin bana shi ne tafiyar da muka yi da mota a watan Janairu. Mun yi shawarar ne ganin cewa da yawanmu sun yi shekaru a nan, amma daga ɗakin bincike ko masana'anta sai gida, har mutum ya koma Kano ko Maradi bai ga ƙasar da ya zauna ba.

Mun fara da fadar Himeji. An kammala babban gininta a 1609 zamanin Ikeda Terumasa, mai mulkin yankin a lokacin, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1993. Daga waje fara ce fat, amma ciki katako ne zalla. A ƙofa ake cire takalmi a saka a leda a riƙe, sanyin daɓen yana ratsa safa har ƙashi, matakalar kuma a tsaye take sai an dafa. Yaranmu sun fi tsayawa wajen ƙananan kafofin da aka huda a ganuwa, wasu zagaye, wasu mai kusurwa uku, inda dakaru ke harbi da bindiga da kibiya. An yi wa garin ruwan bama-bamai a 1945, fadar ta tsira. An kuma yi mata babban gyara daga 2009 zuwa 2015. A ra'ayin kwamiti wannan gyaran ne abin dubawa, domin duk wanda ya san halin da ganuwar Kano take ciki ya san ginin tarihi ba ya riƙe kansa da kansa.

A Kurashiki mun zaga tsohuwar unguwar Bikan, inda rumbunan shinkafa na zamanin Edo, wato ƙarni na 17 zuwa na 19, suke jere a bakin magudanar ruwa, yawancinsu sun koma shaguna. Ba mu daɗe ba.

Ƙetare duwatsun Chugoku zuwa jihar Shimane ne ya fi ba mu wuya. Dusar ƙanƙara ta rufe gefen hanya, kuma da ba mu nace kan hayar motoci masu tayar hunturu ba, da sai dai mu juyo. Direbobinmu sun yi haƙuri ƙwarai. A wuraren hutawa na bakin hanya muka riƙa haɗa salla muna cin guzurin da iyayenmu mata suka shirya, tun da romon abinci a nan sau da yawa ba ya rasa naman alade ko giyar girki.

Game da Izumo Taisha, wurin bautar mabiya Shinto, addinin gargajiyar Japan, mun san an yi ta muhawara kafin tafiya. Matsayar kwamiti ita ce an je gani ne da sanin tarihin maƙwabtanmu, ba wanda ya shiga ibadarsu, kuma waɗanda suka zaɓi tsayawa a waje an mutunta zaɓinsu. Babban ɗakin an gina shi a 1744, tsayinsa mita 24. Igiyar karan shinkafa da ke rataye a ƙofar zauren bukukuwan ibada da ake kira Kagura ta haura mita 13, nauyinta wajen tan 5, da hannu aka tufka ta. Mun ga masu ziyara suna tafi sau huɗu, alhali a yawancin irin waɗannan wurare sau biyu ake yi.

A Matsue muka ƙare. Fadarta baƙa ce, an gama ta a 1611, tana cikin guda 12 da suka rage da ainihin gininsu na dā. Mun shiga kwalekwalen da ke zaga gwalalon fadar. Da hunturu ana sa tebur mai ɗumama da bargo, kowa ya cusa ƙafafunsa, in an zo ƙaramar gada sai a sauke rumfa kowa ya sunkuya. Dattawanmu ma sun yi dariya ranar.

Kuɗin motoci, mai da kuɗin hanya sun fito daga gudummawar matafiya, asusun ƙungiya ya ɗauki nauyin ɗalibai kawai. Ma'aji zai kawo lissafi dalla-dalla a babban taro. Kwamiti yana ba da shawarar a maimaita tafiyar baɗi, a kuma fara karɓar gudummawa tun watan Oktoba don ɗalibai su samu sauƙi. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar taro.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti