Lambun Japan na San Faransisko da Iyalin da Suka Raine Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini mu yi magana kan Lambun Shayi na Japan da ke filin shaƙatawa na Golden Gate a San Faransisko, wanda ya girmi duk lambunan Japan na jama'a a Amurka. Baƙi kan ɗauki hoton gadarsa mai ƙusumbi su wuce, ba tare da sanin waɗanda suka raine shi ba.

An kafa shi a 1894 saboda baje kolin duniya na Kalifoniya, a fili kamar eka 1. Da taro ya watse, Makoto Hagiwara, wani mai tsara lambuna ɗan Japan, ya karɓi ragamarsa, ya faɗaɗa shi zuwa kusan eka 5, yana zuba dukiyarsa a ciki har rasuwarsa a 1925. Iyalinsa na zaune a lambun har 1942, shekarar da gwamnatin Amurka, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, ta kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan zuwa sansanonin tsarewa. Aka rushe gidansu, aka cire Japan daga sunan lambun, sai 1952 aka mayar. Su kuwa ba a bari sun dawo ba. A 1953 aka kafa Fitilar Zaman Lafiya ta tagulla da yaran Japan suka tara kuɗinta, Nagao Sakurai, wani mai tsara lambuna ɗan Japan, kuma ya shimfiɗa busasshen lambu na duwatsu da tsakuwa.

A ganinmu, korar iyalin nan ta fi rushe gidan ɓarna, domin irin wannan lambu da hannu yake rayuwa. A dubi bishiyar da Japanawa ke kira matsu, mai ganye kamar allura. Wajen Afrilu zuwa Mayu ana bin tohonta ɗaya bayan ɗaya, a sa yatsa a karya rabi ko fiye tun yana ɗanye; in aka sa almakashi, bakin ganyen sai ya ƙone ya yi ja. Daga Oktoba kuma a tsige tsofaffin ganye da hannu, daga sama zuwa ƙasa, don rana ta ratsa ciki. In aka yi sakaci 'yan shekaru, ƙananan rassan ciki su mutu don rashin haske, ga shi matsu ba ta cika sake toho a tsohon reshen da ya tsiraita ba. Siffar da aka yi shekaru ana tanƙwarawa ta tafi ke nan, kuɗi kuma ba sa dawo da ita.

Sai a 1986 birnin ya sa wa titin da ke gaban lambun sunan Hagiwara.

Wassalam,
Wasu masu aikin lambu