Wasiƙa daga ɗakin jinyar tsofaffi

Katsina

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu ma lafiya ƙalau, sai dai hunturun bana ya cika mana gadaje da tsofaffi masu tari.

Ilimin tarihin nan da ka karanta, yau buƙatarsa ta kama ni a bakin aiki.

Makon jiya aka kawo mana wani dattijo daga wajen Ƙofar Marusa. Na tambayi shekarunsa, ya ce, "Allah ne masani, ɗana." Jikansa ya ce a rubuta saba'in. Ƙodar tsoho ba ta tace magani kamar ta matashi, shi ya sa ban yarda da ƙiyasin ba. Na ja kujera na zauna kusa da shi, na ce, "Baba, naɗin wane sarki ka fara gani?" Ya ce yana yaro mai kiwon awaki aka naɗa Sarki Usman Nagogo. A 1944 ke nan. Ashe yana dab da casa'in. Da likita ya ji haka, sai ya sake duba takardar, ya rage maganin.

Daga nan bakin Baba ya buɗe. Ya ba ni labarin farin 1973 da shanun da ya rasa. Sai da jikan ya fita sayo kunu, sannan ya sassauta murya ya ce fitsari na kufce masa da dare, don haka ya daina shan ruwa daga la'asar. Wata uku yana fama, kunya ta hana shi faɗa. Wallahi raina ya sosu.

A Jami'ar Kolambiya ta Amurka, wata likita, Rita Charon, ta kafa shiri a 2000 inda ake koya wa likitoci sauraron labarin majinyaci ta hanyar karatun adabi da rubutu. Mu da muka tashi da hirar dare da durƙusa wa manya, bai kamata mu bar wannan a ƙofar asibiti ba.

Don Allah ka jero min manyan abubuwan da suka faru a ƙasar Katsina da Daura, kowanne da shekararsa, shafi ɗaya, in manna a ofishinmu. In ka zo hutun sallah kuma, ina so ka zauna da ɗalibanmu ko na awa ɗaya ne.

Ka gaishe min da Hajiya da yara.

Wassalam,
Amininka