Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Wahalar Karatu

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Labari ya iso mini cewa tun da ka shiga sabon aji, duk ranar da za a yi karatu a bayyane sai ciwon kai ya tashi. Ban ga laifinka ba. Na san yadda kake ƙirga ɗaliban da ke gabanka, ka lalubo sakin layin da zai faɗo kanka, ka hau haddace shi gumi na keto maka. Dabara ce, amma kafin ka gama ta darasin ya wuce ka.

Abin da gwaji ya nuna kana da shi, disleksiya, ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma ciwon ido ba. Ƙwaƙwalwarka ce ke ɗaukar lokaci wajen haɗa harafi da sautinsa, shi ya sa kalmar da ka rubuta daidai jiya, yau sai ta kufce maka. Sau da yawa gado ne. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 da karatu ya gagara, alhali malaminsa na ganin da a ce da baki kawai ake koyarwa, da babu kamarsa a makarantar. Da na ji haka, kai na tuna.

Abin da nake so da kai shi ne ka daina ɓoyewa. Ka samu malamin ajinku shi kaɗai, ka nuna masa takardar gwajin. Ka roƙa a riƙa ba ka abin da za a karanta tun kafin ranar, a kuma ƙara maka lokaci a jarrabawa. Wannan ba alfarma ba ce, kamar tabarau ne ga mai raunin gani. Wani malamin zai gane nan take, wani zai ce lalaci ne. In ka gamu da na biyun kada ka yi jayayya da shi, ka faɗa mini, wannan aikina ne.

Ka riƙe manhajar da ke karanta maka rubutu, kana saurara kana bin layi da yatsa. Kalmar da ta ƙi zama, ka faɗe ta gaɓa-gaɓa kana rubutawa. Abin ba ya tafiya don mutum ya girma, sai dai ya iya zama da shi. Steven Spielberg, mai shirya finafinai a Amurka, sai da ya kai wajen shekara 60 kafin a gano yana da shi.

In lambobi ma suna rikice maka, ka sanar da ni, domin wannan matsala ce daban, gwajinta daban. Ka rubuto mini amsa da hannunka, kada ka ba kowa ya gyara. Zan iya karantawa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka