Ba kowane tari mai daɗewa ne tarin fuka ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili in ja hankalin ma'aikatan lafiya na Garwa, Marwa da Ngaundare a Kamaru kan wani ciwon huhu mai shigar tarin fuka, wanda taruwar wasu fararen ƙwayoyin jini a huhu ke kawowa. Mutum zai yi makonni yana tari, ƙirji na shaƙewa da dare kamar mai asma, ga zazzaɓi ga rama. An gwada kaki da GeneXpert, na'urar gano tarin fuka, babu komai, duk da haka a ɗora shi kan maganin wata 6.

Kafin a kai can, a duba takardar NFS, wato gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, layin iyosinofil, wani jinsin fararen ƙwayoyin jini. A mai lafiya ba sa wuce 500 a mikrolita ɗaya na jini. Idan suka taru a huhu sukan kumbura shi, kuma a ƙasarmu tsutsa ce abin zargi na farko. 'Ya'yan tsutsar ciki kan ratsa huhu su tayar da tari. Wannan yakan lafa cikin mako biyu, sai a ba da albendazol 400 mg. Idan adadin iyosinofil ya haura 3,000, a tuna da tsutsar tundurmi da sauro ke yaɗawa. Maganinta DEC (diethylcarbamazine) ne, 6 mg a kowane kilo kullum, kwana 21. Amma fa a tambayi inda mutum ya zauna: wanda ya fito daga kwarin Vina, wajen Tuboro, yana iya ɗauke da tsutsar makanta, kuma DEC na iya lalata masa ido. Wanda ya yi aiki a dazukan kudu, a nemi tsutsar Loa loa a jininsa kafin a ba shi DEC, domin kashe ta da yawa lokaci guda na taɓa ƙwaƙwalwa.

A tambayi magungunan da yake sha. Nitrofurantoyin na ciwon fitsari na iya jawo wannan ciwon huhu.

Sai an kawar da waɗannan ake kama prednisolon, maganin rage kumburi, kamar 0.5 mg a kilo. Cikin kwana biyu mara lafiya zai ji iska na shiga, kuma nan ake kuskure: ya ajiye magani, ciwo ya dawo. A hankali ake rage shi, cikin watanni. Kada kuma a fara shi ba a yi maganin tsutsar Strongyloides da ibamektin ba, domin prednisolon na sakar mata hanya ta bazu a jiki har ta yi kisa.

Wassalam.
Wani ma'aikacin lafiya, Garwa