Godiya ga ofishin baƙi na tashar jirgin ƙasa ta Varanasi

Zuwa ga ma'aikatan ofishin yawon buɗe ido na Jihar Uttar Pradesh da ke tashar jirgin ƙasa ta Varanasi, ƙasar Indiya.

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne don in yi muku godiya a bainar jama'a, domin yaba kyauta tukwici. Na kuma zaɓi in yi ta da Hausa saboda 'yan uwana masu zuwa ƙasarku jinya da karatu su san inda za su nufa.

Jinyar yayana ce ta kai ni Delhi. Da likita ya ba mu hutun kwana goma kafin a sake duba shi, shi da kansa ya ce in fita in sha iska, ya gaji da ganina zaune a bakin gado. Na hau jirgin ƙasa na Vande Bharat, wajen awa takwas sai ga ni a Varanasi, garin da mutanensa suka fi kira Banaras ko Kashi. Na shigo ofishinku da jaka a kafaɗa da fargaba a zuci. Na faɗa wa dattijon da na tarar gaskiyata: ni Musulmi ne, tun ina yaro a Kano nake ganin wuraren bautarku a finafinai, ina so in gani da idona, amma ba zan yi abin da addinina ya hana ba. Bai ɓata rai ba. Ya jawo taswira, ya zana mini da biro inda zan iya shiga da inda ya kamata in tsaya daga ƙofa, sannan ya haɗa ni da jagora mai lasisi, aka yanke kuɗin a gabansa.

Washegari bayan sallar Asuba muka shiga kwale-kwale daga Assi, ɗaya daga cikin matakalan bakin kogi. Garin gaba ɗaya yana gaɓar yamma ta kogin Ganga, matakalansa sama da 80 suna gangarowa har cikin ruwa, duk sun fuskanci fitowar rana. Muka sauka a gaɓar Kedar, inda ɗakin bautar Kedareshwar yake a saman matakala, bangonsa ratsin ja da fari. A nan na fi daɗewa. Na ga wata tsohuwa da ba ta iya miƙe bayanta, ta yi wanka a kogin cikin wannan sanyi, ta cika ɗan tulun tagulla da ruwa, ta kama hawa taki ɗaya ɗaya, jikanta na riƙe da gwiwar hannunta, ba ta yarda ko ɗigo ya zube ba. Jagora ya ce ruwan za ta zuba wa alamar Shiva, abin bautar mabiya addinin Hindu, da ke ciki, tare da furanni da ganyen bilva, kuma masu irin wannan hawa kowace safiya suna da yawa. Duk wanda zai shiga sai ya tuɓe takalmi ya kaɗa ƙararrawar da ke rataye a ƙofa.

Abin da ya sa nake yabonku ya faru ne a bakin ƙofar nan. Wani limaminsu ya miƙo yatsa zai ɗiga mini alama a goshi kamar yadda yake yi wa kowa. Kafin in buɗe baki jagora ya yi masa magana a hankali da yarensu, sai mutumin ya janye hannu, ya dafa ƙirji ya yi murmushi. Haka ma alewar da aka riga aka miƙa wa abin bauta, ba wanda ya tura mini ita. Ban ji kunya ba, shi ma bai ji an wulaƙanta shi ba. Wannan ba ƙaramin sanin aiki ba ne.

Babban ɗakin Kashi Vishwanath, wanda sarauniya Ahilyabai Holkar ta Indore ta gina a 1780, daga nesa na hango zinaren kansa. An ce mini tun wajen ƙarfe uku na dare ake fara hidimar farko a cikinsa. A Manikarnika, inda suke ƙona mamatansu, jagora ya ce in mayar da waya aljihu, na kuwa gode masa da ya faɗa tun kafin in yi kuskure.

Da La'asar ya kai ni masallaci a Madanpura, unguwar Musulmi masaƙan sari, ya zauna a shagon mai shayi har na idar. Magariba ce ta ɗan ɗaure mini kai, don ana faɗuwar rana ake shirin hidimar wuta da suke kira arati a matakalan Dashashwamedh. Sai mai kwale-kwalen ya tsallaka da mu ɗaya gaɓar, inda babu komai sai rairayi, ya cire mayafin wuyansa ya shimfiɗa mini. Mu da muka saba da gabas, a can yamma ake fuskanta. Na yi sallata a natse, su biyun suna tsaye can gefe sun yi shiru.

Muka dawo an fara. Samari bakwai sanye da kaya iri ɗaya, kowa a kan dandamalinsa, suka busa ƙahon katantanwa, suka kewaya da turaren wuta, sannan suka ɗaga manyan fitilun tagulla masu hawa hawa suna juya su tare kamar hannu ɗaya. Ƙamshin kafur ya cika kogin. Jama'a daga cikin jirage suna sakin 'yan ƙoƙunan ganye ɗauke da fure da aci-bal-bal, ruwa na tafiya da su. Wajen minti 45 aka yi, kuma kullum haka ake yi. Ni dai kallo na yi, imanina yana inda yake, amma na bar wurin na san maƙwabtan gadon yayana a asibiti fiye da yadda na san su a da.

Roƙona ɗaya: ku sa masallatai da wuraren cin abincin halal a taswirar da kuke bai wa baƙi, domin namu mutanen za su ƙara sakin jiki. Ku isar mini da gaisuwa ga jagoran nan da mai kwale-kwale. Ku gaya musu yayana ya samu sauƙi, mun dawo gida lafiya.

Naku,
Baƙonku daga Kano