Ganuwar Kano Tana Buƙatar Magina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan ganuwar Kano.

Duk wanda ya bi titi daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya ya nufi Kabuga ya ga halin da badala, wato ganuwar, take ciki. Wani wurin ruwa ya zaizaye ta, wani wurin an haƙe ƙasarta an buga bulo, wani wurin kuma an yanka fili an kafa shaguna a kanta, ga bola ta ko'ina. Ginin da Sarki Gijimasu ya fara tun wajen ƙarni na 12, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a zamaninsa (1463 zuwa 1499), shi ne muke kallo yana narkewa. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, kuma har yau ba ta shiga ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne hannun da zai gyara ta. Mahaifina magini ne, na tashi ina miƙa masa tubali. Na ga yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a taɓa ta. Na ga yadda ake jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a yi yaɓen da ruwa ba ya ci. Shi kuwa laso, wanda ake shafe rufin soro da shi, sai an samo katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, daga marina, a samo gashin awaki daga majema, a haɗa da dafara, wata shuka mai yauƙi. Wannan ya nuna sana'o'in nan a sarƙe suke: duk ranar da rijiyoyin rini na Ƙofar Mata suka mutu, laso ma zai bi su. Abokan aikin mahaifina yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, 'ya'yansu kuma sun koma siminti, domin nan abinci yake. Ban ga laifinsu ba.

Shi ya sa idan aka ce an gyara ƙofa, ka je ka tarar bulo ne da siminti aka shafa wa fenti ruwan ƙasa. Ta yi kyau a hoto, amma ba ita kakanninmu suka gina ba, kuma ba wanda ya koyi komai wajen gina ta.

Ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara. Mutanen Jenne a Mali suna fitowa gari guda su yaɓe babban masallacinsu, yaro da babba, kuma a nan yara ke koyon aikin. 'Yan uwanmu na Agadas sun riƙe hasumiyar masallacinsu ta ƙasa, har tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013. Hawan sallar Kano ma ya samu irin wannan karramawa a 2024, saboda akwai mahaya da masu ɗinkin kayan doki da makaɗa da suke yinsa har gobe.

Roƙona ga gwamnatin jiha da masarauta da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa: a nemo tsofaffin maginan da suka rage a Kano da Zariya da Katsina tun suna da ƙarfi, a ba su albashi, a haɗa kowanne da matasa su koya. A raba abin da ya rage na ganuwar ga unguwannin da ke kusa, kowace ta san nata yankin, a sa ranar yaɓe kafin damina ta faɗi, masu unguwanni su jagoranta. Sannan a daina ba da fili a kan badala, ko wane ne ya nema.

Ni dai idan aka sa ranar, zan fito da jikokina, ko ɗibar ruwa ce mu yi.

Naka,
Wani ɗan gidan magina,
Gwale, Kano.